Wa'azin da Habila Ya Rubuta Har da Minti

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke gindin dutse, manomi ne, sunansa Habila. Ba mugun mutum ba ne, kada wani ya fita ya ce na faɗa. Ba ya sha, ba ya zagi, ba ya fashin sujada. Abu guda ne ya shiga ransa tun yana saurayi, ya kuma ƙi fita har furfura ta cika masa kai, wato farautar tashoshin rediyo na nesa.

Wanda bai san wannan farauta ba zai ce ai kowa ma yana jin ƙasashen nesa a gajeren zango. Habila da ire-irensa ba su ɗauki wannan a bakin komai ba. Sukan ce gajeren zango dama don tafiya aka yi shi, kamunsa kamar kamun kazar gida ne. Su a matsakaicin zango suke farauta, inda da rana tasha ba ta wuce garinta da garuruwan kewaye. Amma in rana ta faɗi, musamman a watannin sanyi, sai muryar wata tasha da aka kafa don mutanen wata ƙasa dabam ta ƙetare dazuzzuka da koguna, ta faɗo a akwatin wanda ya iya jira. A raunane take zuwa. Ta taso, ta nutse cikin ƙara, ta sake tasowa. Wani lokaci mutum ya yi mako uku yana zaman banza, bai samu komai ba sai ciwon wuya.

Masu wannan farauta suna da ƙa'ida. Ba a yarda mutum ya ce ya kama tasha da fatar baki. Sai ya rubuta rana, da lokaci har da minti, da inda allurar rediyo ta tsaya, da abin da aka faɗa kalma bayan kalma gwargwadon abin da kunne ya tsinta. Ya sa a ambulan, ya aika wa tashar. In masu tashar suka duba suka ga lalle abin da suka watsa ke nan a wannan lokaci, sai su aiko masa da kati mai hatimi, shaidar cewa ya kama su. Habila ya tara irin waɗannan katuna arba'in da ɗaya a cikin wani gwangwani, kuma ya fi kula da su a kan takardar gonarsa.

Akwai tasha ɗaya da ta gagare shi, wata 'yar ƙarama a can bakin teku, ƙasa uku tsakaninsu. Ya ji labari a wurin abokan farautarsa cewa ran Laraba da almuru takan yi rabin awa da Hausa, saboda fatake da suka zauna a can. Babu wanda ya taɓa kama ta a duk yankinsu. Domin ta ne Habila ya ja siririyar waya mai tsawo daga tagar ɗakinsa, ya ƙetare gona, ya ɗaure ta a ƙololuwar wata giginya da ke kan iyakarsa da ƙanensa Zakka. Wannan waya ita ce eriyarsa, kuma ya ga alamar za ta yi aiki.

Sai wata rana Zakka ya bukaci azarar rufin ɗaki. Giginyar ta gado ce, tasu ce su biyu. Bai yi shawara ba, ya kira masu gatari suka kayar da ita yayin da Habila yake kasuwa. Da Habila ya dawo ya tarar da wayarsa a ƙasa, awaki suna tsallake ta, sai ya tsaya a bakin katangar da ta raba gidajensu ya ɗaga murya.

«Zakka, daga yau ba ni ba kai.»

Zakka ya ce, «Yaya, a kan waya?»

Habila ya ce, «A kan raini.»

Maganarsu ta ƙarshe ke nan, aka shekara bakwai. Dattawan ikilisiya suka zo sau biyu, suka gaji suka bari. Matansu suka ci gaba da miƙa wa juna gishiri da wuta ta kan katanga, su kuwa mazan ran Lahadi ɗaya ya zauna a dama, ɗaya a hagu, suna rera waƙa guda.

In za a faɗi gaskiya, fushin ya daɗe da mutuwa a zuciyar Habila. Gajiya ce ta gaje shi. Ya gaji da kauce wa hanyar rijiya don kada su haɗu. Ya gaji da yin kamar bai ji ba in an ambaci sunan ƙanensa. Har farautar ma ta gundure shi, domin gorar da ya haɗa ya kafa a madadin giginya ba ta kai rabin tsayinta ba, kunnensa na hagu kuma ya fara nauyi. Amma kowace Laraba da almuru sai ka gan shi ya ja kujera, ya buɗe littafinsa, ya murɗa allura zuwa wurin nan guda, kamar yadda tsohon jaki yake kai kansa gona ko ba a kora shi ba.

A shekara ta bakwai Zakka ya kwanta da ciwon ƙirji. Habila yana jin tarinsa ta bayan katanga. Wata safiya Rifkatu, matar Zakka, ta yi sallama ta shigo, ta durƙusa daga nesa.

«Yaya, ƙanenka yana tambayarka.»

«Jikin ne?»

«Jikin ne. Ya ce ko ba za ka ce komai ba, ka zo ka zauna kawai.»

Habila ya sunkuyar da kai. Tausayi ya kama shi, ya ce, «To, Rifkatu. Zan shigo.»

Kuma da gaske yake, ba yaudararta ya yi ba. Sai dai ya tsaya tunanin abin da zai fara faɗa. Ya ce sannu, kamar jiya suka rabu? Ya ambaci giginya, ko ya bar ta? Ya wuni yana juya maganar, ya kasa samun bakin zaren, ya ce bari gari ya waye.

Washegari Laraba ce. Sanyi ya sauko sosai a ranar. Da rana ta faɗi Habila ya zauna gaban akwatinsa ba tare da sa rai ba, ya murɗa allura. Da fari ƙara ce kawai, irin wadda ya saba. Can sai ya ji kamar ana magana a ƙarƙashin ƙarar. Ya juya akwatin kaɗan, ya manna kunnensa na dama. Muryar ta taso. Hausa ce, muryar wani dattijo mai magana a hankali, da jin sa ka san shi ma ya sha hanya.

Habila ya duba agogo, ya ɗauki alƙalami. Dattijon yana cewa, «Kai da ka ɗauke wa ɗan'uwanka gaisuwa, ban tambaye ka wa ke da gaskiya ba. Wataƙila kai ne. Amma tashi ka je wurinsa yau, tun yana iya amsa sallamarka. Kada ka tsaya shirya abin da za ka faɗa. Je ka zauna, Ubangiji zai ba ka magana.»

Habila ya rubuta: «Ƙarfe bakwai da minti goma sha huɗu. Namiji, dattijo, da Hausa. Ya ce, tashi ka je wurinsa yau, tun yana iya amsa sallamarka. Murya matsakaiciya, akwai ƙara.» Ya rubuta kuma: «Bakwai da minti goma sha bakwai, ta nutse. Bakwai da minti ashirin, ta dawo. Ya ce, kada ka tsaya shirya abin da za ka faɗa.» Da bakwai da rabi ta cika wata mace ta faɗi sunan tashar sarai, sau biyu, sa'an nan muryar ta tafi ba ta dawo ba.

Habila ya miƙe tsaye, har kujera ta faɗi. Rabon da ya yi irin wannan murna ya manta. Ya fita tsakar gida inda matarsa Keziya take tsintar wake a gaban fitila.

«Keziya, na kama ta! Ga shi, har da minti. Kuma dubi irin maganar da na samu, wannan ba za su iya musunta ta ba.»

Ya karanta mata. Keziya ta ajiye faifan.

«Maigida, sake karanta mini.»

Ya sake karantawa, da ƙarfi, yana nuna kowace kalma da yatsa.

Ta ce, «Da wa yake?»

Ya ce, «Da mutanen can mana, fataken bakin teku. Tashar ma ba don mu aka yi ta ba. Ai shi ya sa kamun ya yi daraja.»

Keziya ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ta ce, «Katanga ɗaya ce tsakaninka da Zakka.»

«Na sani, Keziya, na sani. Bari in gama da takardar nan tukuna, tun abin yana sabo a kaina.»

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake. Ita ma ta gaji da wannan magana, shekara bakwai tana yin ta.

Ran Alhamis ya wuni yana kwafe rahoton da kyakkyawan rubutu. Sau uku yana yagewa yana sakewa, don kada a samu kuskure ko ɗaya a maganar dattijon. Ran Jumma'a ya hau keke ya tafi gari, ya sayi kan sarki, ya jefa wasiƙar da hannunsa a gidan waya, ya biya wurin abokan farautarsa ya ba su labari. Ya dawo a gajiye liƙis. Ran Asabar aka fara sussukar dawa, kuma kun san sussuka ba ta jiran kowa.

Sau biyu ya kai har ƙofar gidan Zakka. Karo na fari ya ji muryoyin matan zumunta sun zo addu'a, ya ce ba zai yi sulhu a gaban taro ba, ya juya. Karo na biyu ya ji shiru, ya ce barci yake yi, bai kamata a tashi marar lafiya ba, ya juya. Kullum yana da dalili, kuma kowane dalili in ka ɗauke shi shi kaɗai ba za ka ga laifinsa ba.

Wata safiya 'yar Zakka da ke aure a birni ta zo da mota, ta ce za ta kai mahaifinta asibiti. Habila yana kan rumbu yana gyaran jinka ya hango an fito da mutum a nannaɗe cikin bargo, ya rame har ba a gane shi. Kafin ya sauko daga tsani mota ta tashi. Ya ɗaga hannu. Har yau bai sani ba ko Zakka ya gan shi.

Bayan kwana tara aka dawo da gawa.

Habila ya yi duk abin da ya kamata babban wa ya yi. Shi ya fara sara a wurin haƙa kabari, shi ya karɓi baƙi, shi ya zauna kwanakin makoki. Mutane suka yaba masa, suka ce ashe dai jini ba ya ɓuya. A cikin ɗakin Zakka aka shimfiɗa masa tabarma, ɗakin da bai taɓa shiga ba. Ya ɗaga kai ya ga azarar giginya a jere, ta riƙe rufin da kyau, ko ɗigon ruwa babu alamar ya taɓa shiga. Ya mai da kansa ƙasa, bai sake ɗagawa ba.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Wata rana mai kai wasiƙu ya kawo masa ambulan mai kan sarkin wata ƙasa. Ya buɗe. Ga kati mai hatimi, an rubuta sunansa da ranar da lokacin, an tabbatar cewa lalle su ya kama. Abin da ya shekara da shekaru yana nema ke nan, ga shi a tafin hannunsa. A bayan katin kuma akwai wata takarda da rubutun hannu mai karkarwa. Dattijon nan ne da kansa.

Ya rubuta cewa: «Ɗan'uwana cikin Ubangiji, wasiƙarka ta sa ni hawaye. Shekara goma sha takwas nake magana a gaban wannan ƙarfen magana a ɗaki ni kaɗai, ban san ko akwai mai saurare ba, har na fara roƙon a sallame ni in huta. Sai ga ka daga ƙasar da ban taɓa zato ba, ka rubuto maganata daidai, ko ni ban riƙe ta haka ba. Na ce lalle Allah ne ya ɗauki muryar nan ya kai ta can, domin akwai wanda yake bukatarta a daren. Ina roƙonka ka rubuto mini, wane ne? Ya je wurin ɗan'uwan nasa? Yaya suka ƙare?»

Habila ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Keziya ta karɓa ta karanta, ta miƙa masa.

«Me za ka ce masa?»

«Ban sani ba.»

Ya shiga ɗaki ya ɗauko takarda da alƙalami, shi da ya rubuta wa tashoshi wasiƙa fiye da ɗari ba tare da ya rasa abin faɗa ba. Ya rubuta kwanan wata. Ya duba agogo ya rubuta lokaci, domin hannunsa ya saba. Daga nan alƙalamin ya tsaya. Rana ta karkata, Keziya ta kira shi cin tuwo, yana nan zaune da takardar a gabansa.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ba mai nisa ba ce, kuma ba zan ɓoye ta ba.

Habila mu ne, mu masu zuwa sujada ba fashi. Muryar da ta zo daga nesa ita ce maganar Allah. Sau da yawa haka take zuwa mana, a raunane, ta bakin wani gajiyayyen bawan Allah wanda muryarsa ba ta da daɗi, a tsakiyar kukan jarirai da zafin rufin kwano. Ta taso, ta nutse cikin tunanin abin da za mu ci da rana, ta sake tasowa. Duk da haka takan iso, kuma takan iso a ranar da ake bukatarta.

Kuskuren Habila ba rashin saurare ba ne. Wa ya kai shi saurare? Ya kashe ƙuruciyarsa da kunnensa a kan saurare. Kuskurensa shi ne ya mai da saƙo ya zama shaida. An aiko masa da umarni, shi kuwa ya ga abin nuna wa abokai. Ya kiyaye kowace kalma, bai aikata ko ɗaya ba.

Ni na daɗe ina koyarwa a wannan aji, kuma in faɗa muku gaskiya na gaji. Ban gaji da ku ba, na gaji da ganin littattafanmu suna cika, gidajenmu suna nan yadda suke. Akwai waɗanda in na tambaye su wa'azin makon jiya za su jero mini shi daga kai har wutsiya, da ayoyinsa. Za a fita a ce, kai, yau fasto ya yi magana. Wannan shi ne katinmu mai hatimi. Mu kai gida mu sa a gwangwani, mu dawo mako mai zuwa neman wani. Ni ma ina da nawa gwangwanin, kada ku zaci na tsame kaina.

Ku kuma lura da amsar da ya ba matarsa, cewa tashar ba don su aka yi ta ba. Haka muke yi. Ana magana muna rarraba ta a zuci: wannan ta wance ce, wannan da ma wane ya zo yau ya ji. Mun iya adireshin kowa, ban da namu.

Zakka kuwa shi ne mutumin nan da ke bayan katangarka. Wataƙila wa ne, ko ƙanwa, ko surukarka, ko wanda kuke rera waƙa guda da shi yau da safe. Wataƙila kai ne mai gaskiya, ban musa ba, giginyar Habila ma ai an sare ta ba shawara. Amma Ubangiji da ya gafarta mana bai jira sai mun fara ba shi haƙuri ba. Kuma babu wanda aka yi wa alkawari cewa ɗan'uwansa zai kai Laraba mai zuwa. Ranar da za mu tsaya a gaban Almasihu, ba zai tambaye mu minti nawa aka yi ana wa'azi ba. Tambayar dattijon nan zai yi mana: ka je?

Ina ganin wasunku suna rubutu tun da na fara. Ku rufe littattafan, wannan misali ba na rubutawa ba ne. Rana ba ta yi nisa ba tukuna. Duk wanda ya san ƙofar da ya kamata ya yi wa sallama yau, na sallame shi tun yanzu, ba sai ya jira addu'ar rufewa ba.